Guɗar da Na Ɓarar a Gadarif

To ku zauna, tunda kun nace. Tun ranar da na sauko daga lori ba ku bar ni na huta ba. A wajen ɗiban ruwa, "Hanne, yaya Gadarif?" A gidan suna, "Hanne, yaya shari'ar Batula?" Har Talatu da rabonta da gaishe ni tun bara ta leƙo ta kan danga tana tambaya. Na yi ta cewa lafiya lau ne saboda bakina ya yi nauyi. Yau zan faɗa, sau ɗaya, wadda ba ta nan ku kai mata. Amma kada wadda ta katse ni, katsewar da na gani a can ta ishe ni.

Batula dai kun san ta, 'yar ƙanena Isyaku, wadda na goya tun rasuwar uwarta. Bana take gama karatun shari'a. Ashe kafin a sallame su akan shirya musu wata kotu ta gwaji. A ƙirƙiro ƙara, a ce wannan ɗalibi shi ne lauyan mai ƙara, wancan na wanda ake ƙara, malamai su zauna kamar alƙalai su ba da maki. An yi ta tankaɗe da rairaya har saura mutum biyu, kuma Batula na ciki. Wanda ya zo na ɗaya, wani babban muhami na cikin gari zai ɗauke shi ofishinsa ya koya masa aikin lauya. Kujera ɗaya ce tak.

Isyaku kuwa ya riga ya yanke magana. Ya ce da ni, "Yaya, in ta samu kujerar nan ta zauna birni, na sa mata albarka. In ba ta samu ba ta tattaro ta dawo Ƙala'a. Ba zan bar 'ya mace tana bin ofis-ofis a garin da ya cika da baƙi ba." Na yi masa faɗa, na yi masa lallashi, bai motsa ba. Shi yankan riɗi ya riƙe shi, ga riɗi ba ya jira, in ka makara ya zube. Sai na ce ni zan je, ai ba za a yi wa 'yata shari'a babu nata a wurin ba.

Da hantsi muka tashi a lorin dawa, domin ƙananan motoci sun ƙi hanya. Ruwan ƙarshen damina ya sauka kwana biyu kafin nan, kun kuwa san baƙar lakar nan tamu in ta sha ruwa. Direban wani siririn mutum ne da ba ya rabo da goro, ya ce in shiga gaba don girmana. Na shiga na tarar da wata mata mai sayar da shayi, sunanta Amuna, da buhun gawayinta a kan cinya. Haka muka tafi, gwiwata a jikin giyar mota, duk sanda zai canza sai ya ce, "Ma'alesh, Hajja," wato in yi haƙuri, ya doke ni.

Ba mu yi nisa da duwatsun Ƙala'a ba lori ya nutse har gindi. Maza suka sauka, ciki har da 'yan ƙwadagon gona da za su wuce Gedambaliya yankan dawa. Suka yi ta sara ƙaya suna cusawa ƙarƙashin taya. Ni da na sauka kama ruwa, laka ta cinye min takalmi ɗaya, sabo fil, wanda na ajiye don ranar nan. Na sa hannu har gwiwar hannu ban same shi ba. Wani daga cikin samarin ya ce, "Hajja, bar mata, ta fi ki buƙata." Na ce uwarka ce ta fi ni buƙata. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, don a lokacin raina fari ne.

A zaman jiran nan Amuna ta tambaye ni abin da zai kai ni birni. Da na faɗa mata sai ta kama hannuna. Ta ce ta taɓa shiga shari'a da dangin mijinta kan ɗakin da ya bar mata, aka haɗa ta da lauya namiji, rabin abin da ke cikinta ta kasa faɗa masa don nauyi. Ta ce, "Wallahi 'yarki ta zama muhamiya, mu ne za mu cika mata ofis." Na ji kaina ya yi girma, har na manta da takalmi.

Da muka hau kwalta sai shingen bincike. Tun da yaƙin nan ya zo, shiga Gadarif ta zama kamar ƙetare iyaka. Kowa ya sauka, kowa ya nuna katinsa, a buɗe kaya. Nawa katin na cikin jaka, jakar na cikin ƙulli, ƙullin na ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin zane biyu. Kafin in kwance, layi ya tsaya ana ta tsaki. Sojan yaro ne, bai fi sa'ar Batula ba. Ya ga wani gwangwani da na naɗe da leda da tsumma, ya ce mene ne wannan. Na ce daddawar batso ce, tsarabar 'yata. Bai gane ba, ya ce in buɗe. Na ce ɗana, ba ka so. Ya ce in buɗe. Na buɗe masa kuwa a saitin hanci. Ya ja da baya yana tari yana cewa, "Amshi, ya Hajja, amshi!" wato in tafi. Ko sauran kayana bai duba ba.

Gadarif ta canza, jama'a. Rabona da ita tun kafin yaƙi. Yanzu mutanen Madani da na Khartum sun cika ta maƙil, makarantu sun zama gidajen kwana, kekunan raksha masu ƙafa uku na bin juna kamar tururuwa. Na ga mace da lulluɓin tobi mai tsada, hannunta da alamar zoben da aka cire, tana soya wainar wake a bakin titi. Mutanen birni kuma ba su da lokacin gaisuwa. Mu nan sai ka tambayi gida da gona da gajiya da akuya. Can "kef" ɗaya za a jefa maka a wuce.

Na sauka gidan Hajja Kaltume, 'yar uwar marigayi maigidana, wadda ke dama kunun godogodo tana kaiwa kasuwa. A wurinta Batula ke zaune duk shekarun karatunta. Gidan ya cika da wasu dangi da suka gudo, sai aka ba ni gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, wanda tsakiyarsa ta zurma, in ka kwanta sai an jawo ka. Aka kawo miyar kuɓewa busasshiya da kisra, irin wainar nan sirara kamar takarda, ka ci goma ba ka san ka ci ba. Na ce Kaltume, ba tuwo a garin nan? Ta ce gawayi ya yi tsada, Hanne, ci ki gode Allah. Ta ara min takalminta, ya yi min yawa, ina tafiya yana tafa min baya.

Da la'asar Batula ta dawo. Ta rame, amma idonta na walƙiya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata tana ba ni labari. Ta ce a zagayen farko saura kaɗan a fitar da ita. Hujjarta ta fi ta kowa, amma malamai suka rage mata maki, wai muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a ƙasa, ba ta kallon alƙali. Suka ce lauya ba ya kunya.

Na ce, "To ai haka muka koya miki, ba a zuba wa babba ido."

Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Shi ya sa na yi ta koyo. Kullum sai in tsaya a bayan gida in kalli bishiyar dogon yaron nan in yi mata magana da ƙarfi, har Hajja ta ɗauka aljanu ne."

Kaltume ta ce, "Saura kaɗan in kira malami."

Batula ta miƙe ta gwada mana. Yarinyar da na yi wa wanka a kwano, ga ta tsaye ƙyam tana zuba Larabcin littafi, tana ɗaga yatsa, muryarta har waje. Rabin maganar ban fahimta ba, amma na san magana ce mai ƙashi.

Washegari muka tafi. Zaure ne babba da fankoki da ba sa juyawa. A gaba an sa teburi, mutum uku a bayansa cikin baƙaƙen riguna. Na tsakiya dattijo ne mai furfura da tabarau, wai tsohon alƙali ne da aka gayyato, kowa Maulana yake ce masa. A damansa wani malami, a hagunsa wata malama mace. Ganin macen nan ya kwantar min da hankali, na ce alhamdu lillahi, akwai tamu a sama.

Abokin karawarta sunansa Haruna. Kuma tun yanzu in toshe muku wata ƙofa, don na san abin da za ku ce. Za ku ce don mu Hausawa ne. A'a. Haruna Bahaushe ne ɗan Gedambaliya, na san kakarsa, tare muka taɓa zuwa wani biki a Fau. Yarensu ɗaya, fatarsu ɗaya, malamansu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne shi da wando ya zo, ita da tobi.

Ƙarar da aka ƙirƙiro irin tamu ce ta kullum: raƙuman makiyayi sun shiga gonar riɗi sun yi ɓarna. Haruna ne lauyan manomi, Batula ta makiyayi. Wasu ɗalibai suka fito a matsayin shaidu, har da wanda ya naɗa rawani ya riƙe sanda.

Haruna ya fara. Yaron na da murya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi ta kai da komo, ya bugi teburi har kofin ruwa ya yi tsalle, ya nuna makiyayin ƙarya da yatsa kamar zai tsone masa ido. Maulana na gyaɗa kai yana murmushi. Da Batula ta tashi tana yi wa manomin tambayoyi, Haruna ya yi ta zabura yana katse ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowane karo Maulana sai ya ce, "Tafaddal, ya Ustaz," wato bismilla, malam. Ustaz fa! Yaron da ko gemu bai haɗa ba.

Ita kuwa ba ta rikice ba. In ya gama ta ɗora daga inda ta tsaya. A hankali ta yi ta jan manomin da tambaya, ina iyakar gonarka, wace shekara ka faɗaɗa ta, ina dabbobi ke bi su sha ruwa kafin nan. Tun yana zillewa har ya amsa da bakinsa cewa ya nome burtali ya shuka riɗi a kai. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo a bayana ya ce, "Ta kama shi." Na juya na ce 'yata ce.

Da aka zo jawabin ƙarshe, Haruna ya ce wai shaida ya faɗi cewa da gangan makiyayi ya kora raƙuman cikin gonar. Ni da nake zaune na san ba a faɗi haka ba. Batula ta miƙe, karo na farko ke nan da ta katse shi tun safe. Ta kalli Maulana ido cikin ido, yadda suka ce ta yi, ta ɗaga murya, yadda suka ce ta yi. Ta ce, "Maulana, ban yarda ba. Shaida bai faɗi haka ba."

Garin miƙewa tobinta ya ɗan zame daga ka, ga ɗankwali a ƙarƙashinsa ma, ko silin gashi bai fito ba. Maulana ya sauke tabarau ya dube ta. Ya ce, "Ya bitti, gyara lulluɓinki tukuna, ki zauna." Shi Ustaz, ita "ya bitti", wato 'yata.

Ta ja tobin da hannu ɗaya ta ce, "Na gyara, Maulana. Amma shaida bai faɗi haka ba."

Samari suka fashe da dariya. Maulana bai yi ba. Bai kuma ce a duba abin da shaida ya faɗa ba. Ya ce Haruna ya ci gaba.

Suka haɗa kai su ukun suka yi ƙus-ƙus, sannan Maulana ya gyara murya. Ya nuna Haruna ya ce, "Al-walad da fasih, ma sha Allah." Ya ce yaro ne mai ƙarfin zuciya, ba ya barin abokin gaba ya numfasa, haka ake son lauya. Aka tafa, ni ma na tafa. Sai ya juya wajen Batula ya ce, "Wal-bit di kaman, fasiha," wato ita ma yarinyar fasiha ce.

Ku saurara nan, don nan ne na faɗi. Ba wai ban san kalmar ba. Na san ta sarai, kun san ta. Wace ce a cikinku ba ta taɓa daka wa yarinya tsawa ta ce "ke fasiha" ba, in ta cika mayar wa manya magana? A Larabcin unguwa fasiha ita ce mai tsaurin ido, wadda bakinta ya fi ta. Amma ni na ɗauka a zauren nan ba Larabcin unguwa ake yi ba. Tun safe na littafi suke zubawa. Da kunnena na ji an ce wa namiji fasih an tafa masa. Kalma ɗaya ce, wutsiyar mace kawai aka ɗaura mata. Mu ma a Hausarmu fasihi da fasihiya ai duk yabo ne. Sai zuciyata ta ce, shi ke nan, an yaba shi an yaba ta, ita kuma ta kama shaida, ta ci.

Na miƙe tsaye da takalmin Kaltume na kama hanci na rangaɗa guɗa. Irin wadda na yi ranar da aka haife ta. Na ja ta har numfashina ya ƙare.

Da na sauke, ba mai tafi. Zaure tsit. Sannan dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Maulana ya tambaya wace ce wannan, aka ce gwaggonta ce. Ya ce, "To, mun ga inda ta gado." Aka sake kwashewa. Na dubi Batula. Kanta na ƙasa, ta riƙe bakin teburi da hannu biyu. Ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Maulana ya ƙarasa bayaninsa. Wai hujjarta ba laifi, amma ladabin kotu rabin aikin lauya ne, kuma wanda ke mayar wa alƙali magana bai shirya ba tukuna. Malamin dama ya ƙara da cewa tana da zafin rai. Malamar ba ta ce uffan ba, tana ta juya alƙalami. Aka ce Haruna ne na ɗaya.

A waje na tare malamar nan, don ni ba na iya haɗiye abu. Na ce, "Ustaza, da ta yi ƙasa da murya kun ce kunya, da ta ɗaga kun ce rashin kunya. Gaba kura baya sayaki ke nan. Wace murya kuke so ta yi, in je kasuwa in sayo mata?"

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. Ta ce, "Hajja, 'yarki ta fi shi, na sani. Makin da na ba ta ya fi nasa, amma su biyu ne." Na ce to me ya hana ki faɗa a ciki? Ta ce, "Da ina faɗar irin wannan, da ba ki same ni a kan teburin can ba." Ta ce Batula ta koyi yin magana ba tare da an ji kamar tana magana ba, ita haka ta yi ta kai inda take. Na dube ta, na rasa ko tausayinta zan ji ko haushinta. Duka biyun na ji.

Haruna ma ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce da Batula, "Wallahi kin kayar da ni a wajen burtalin nan." Ta ce, "Mabruk," ta taya shi murna. Ya tsaya yana murza hannu kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira shi ɗaukar hoto da Maulana, ya tafi. Ban zarge shi ba. Wa aka taɓa miƙa wa kujera ya ce a ba wani?

A hanyar komawa gidan Kaltume na ce, "Batula, ki yafe min guɗar nan." Ta ce, "Gwaggo, ke kaɗai ce a zauren kika ji kalmar daidai." Ban san ko lallashina take yi ba.

Na so in ƙara kwana in bi ofisoshin lauyoyi da ita, ko Allah zai sa a dace. Kaltume ta ce lauyoyin Khartum da Madani da kansu suna nan suna neman teburin zama, wa zai kalli ɗaliba? Na kira Isyaku a waya na ce yarinyar nan zaluntarta aka yi. Ya ce, "Yaya, ta samu ko ba ta samu ba?" Na ce ba ta samu ba, amma ka tsaya ka ji. Ya ce, "To ku taho."

Dawowa ba wani labari. Hanya ta bushe, lori bai nutse ba, a shinge ba wanda ya buɗe mana kaya. Littattafanta na cikin kwali a kan cinyarta tun daga Gadarif har Ƙala'a, ta ƙi yarda a ɗora su sama.

Yanzu ga ta nan, kuna ganinta. Tana tankaɗen riɗi, tana kai wa 'yan aiki abinci gona. Jiya da yamma ina gidan, Isyaku na zaune da baƙinsa biyu a ƙofar zaure, ta kawo musu shayi. Ɗayan ya ce, "A'a, 'yar shari'a ce? To gaya mana, makiyayi da manomi wa ke da gaskiya?" Na zuba mata ido, na san amsar na bakinta. Ta durƙusa ta ajiye faranti, idonta a ƙasa, ta ce, "Ku ne manya, Baba," da wata 'yar murya da sai ka kasa kunne. Ta tashi ta shige.

Baƙon ya ce, "Ma sha Allah, Isyaku, karatu bai ɓata maka 'ya ba. Ko muryarta ba a ji."

Isyaku ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa na ɗauki mayafina na fito, ban sha shayin ba.